Yadda Makaɗi Zai Ci Gaba da Koyo Har Furfura

Yawancin makaɗa da mawaƙanmu na nan Sudan ba rashin baiwa ke tsayar da su ba. Abin da ke tsayar da su shi ne ranar da aka fara kiransu biki ana biya. Yaro zai shekara uku ko huɗu yana fama, yana bin manya, yana kwana da waƙa a baki. Da zarar an san shi a unguwa, an fara bugo masa waya daga Gadarif ko Madani ana tambayar nawa ne adadinsa, wato kuɗin wasansa, shi ke nan koyo ya ƙare. Waƙoƙin da ya iya a lokacin su zai yi ta juyawa, bayan shekara goma sha biyar ka tarar murya ta gaji, hannu bai ƙaru ba, na bayansa sun taso sun wuce shi. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga masu baiwa ta gaske sun ƙare a haka, alhali maganin ba mai tsada ba ne.

Ina magana ne da wanda ya riga ya fara: mai udi (molon Larabawa), mai ogan, mai kalangu, mai tambur (abin kiɗa mai tsarkiya), mawaƙi, da ke 'yar'uwa mai dalluka (gangar da mata ke bugawa) ko ƙwarya. Zan yi ta cewa "kai" don sauƙin magana, amma har da ke nake. Matakan suna bin juna, sai dai ba a rufe na baya don an buɗe na gaba.

Da farko, ka ji kanka yadda mutane ke jin ka

Ɗauki wayarka ka ajiye ta taku uku daga inda kake zaune, ka kunna ɗaukar sauti, ka yi waƙoƙi uku da kake ganin ka fi iyawa. Ba lasifika, ba eko, ba 'yan amshi, daga kai sai abin kiɗanka. Kada ka saurara a ranar. Bari sai gari ya waye, daɗin abin ya sake ka, sannan ka zauna da biro da littafi.

Ka duba ko ka ƙare waƙar a saurin da ka fara ta, ko kuwa ka yi ta ƙara wuta ba ka sani ba. Ka duba ko murya na zama daidai a kan sauti, ko tana zamewa ƙasa idan numfashi ya kusa ƙarewa. Wanda bai san waƙar ba, zai iya rubuta kalmominta daga bakinka? A ina kake yanke numfashi, a ƙarshen magana ko a tsakiyar kalma? Rubuta abin da ka ji ba sassauci, ka sa kwanan wata. Duk bayan wata uku ka sake ɗaukar waƙoƙin nan uku ka gwada da na baya. Yabon abokai ba zai gaya maka ko kana ƙaruwa ba, wannan littafin ne zai gaya maka.

Sai gyaran kunne

Jin waƙa a cikin raksha (keke mai ƙafa uku) daban, sauraronta daban. Ka zaɓi waƙa ɗaya a mako, ka ji ta sau da yawa, kowane ji da abin da kake bi. A karon farko ganga kawai za ka bi, ka manta akwai mai waƙa. A na biyu ka bi jagora, ka lura da inda yake jan numfashi da inda yake sassauta murya. A na uku 'yan amshi: a ina suke shiga, suna jira ya gama ne ko suna karɓe maganar daga bakinsa? Sai a ƙarshe ka zauna wa kalmomi.

Mu Hausawan Sudan gado biyu muke da shi, kuma da yawanmu ɗaya muke ci mu bar ɗaya. Kakanninmu sun shigo da kiɗansu, wasu a hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma sun zo aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. A nan suka tarar da madihu (waƙoƙin yabon Annabi) da haƙiba (tsofaffin waƙoƙin biranen Sudan) da kiɗan dalluka. Abin da ya sa kiɗan nan biyu ke saurin shiga juna shi ne yawancinsu a kan tsani mai sauti biyar aka gina su, wanda malaman kiɗa ke kira sullam humasi. In kana son ka ji shi da kunnenka, je wurin ogan ka taɓa baƙaƙen maɓallai kaɗai, ka hau ka sauko. Ba za ka daɗe ba za ka ji ka faɗa cikin wani kari da ka sani tun kana goye. Kiɗan Masar da Sham kuwa a kan maƙamai masu sauti bakwai yake, wasu har da rubu'in sauti, shi ya sa yake yi wa kunnenmu baƙunta da farko.

Daga ɓangaren Hausa, ka saurari Mamman Shata don ka ga yadda jagora ke ɗora magana a kan kalangu yana ƙirƙira nan take. Ka saurari Musa Ɗanƙwairo don aikin 'yan amshi, domin a wurinsa amshi ba maimaita gindin waƙa kaɗai ba ne, yaransa suna ƙarasa masa magana. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya yi rayuwarsa duka, ka ji abin da ya fitar daga cikinta kafin ka ce kayanka ne suka yi maka kaɗan. Ke mai ƙwarya, Barmani Choge makaranta ce guda.

Daga ɓangaren Sudan, ka koma tsofaffin faya-fayen haƙiba, inda daga mawaƙi sai shayyalai masu amshi da ɗan abin bugawa, babu inda murya za ta ɓuya. Muhammad al-Amin ɗan Madani don udi. Muhammad Wardi don yadda ake gina doguwar waƙa mai sassa ba ta gundiri mai ji ba. Abdulkarim al-Kabli don fitar da harafi. Abdulƙadir Salim don kiɗan mardum na Kurdufan. Kuma kada ka tsallake A'isha Falatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito a hanyar hajji, mahaifinta malami ne kuma bai so sana'ar ba. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman, wanda aka buɗe a 1940, ta kuma yi faya-faye a Alƙahira, ta rasu a 1974. Duk Bahaushen da ke shakkar ko yana da wuri a kiɗan ƙasar nan, ya zauna ya saurare ta.

Bayan saurare sai kwaikwayo. Ɗauki layi biyu kacal, ka rera su har su zauna, sannan ka nemo su a kan abin kiɗanka ba tare da kowa ya nuna maka ba. In sun yi maka sauri, YouTube yana da wurin rage gudu zuwa 0.75. Tunda intanet ba shi da tabbas, duk ranar da ya samu ka sauke abin da za ka yi wata guda kana aiki a kansa.

Ka nemi ubangida

Akwai abin da waya ba za ta koya maka ba: wace waƙa ake buɗe taro da ita, wace ake ajiyewa sai dare ya raba, me ake rerawa a daren lalle, me ake rerawa a jirtig (al'adar da ake yi wa ango da amarya a biki), yaushe ake yi wa mutum kirari, yaushe ake kama baki don akwai surukai a wurin. Wannan sai a bayan wani. Ɗanƙwairo kansa a bayan mahaifinsa ya tashi yana amshi, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya zama jagora.

Wajen zaɓe, kada ka bi wanda ya fi suna. Ka dubi yaransa. In waɗanda suka zauna da shi sun fito sun iya, kuma suna ambatonsa da alheri, shi ne mutuminka. Ka je gidansa da la'asar, ba wurin biki ba inda hankalinsa ya rabu. Ka tafi da ɗan sukari da ganyen shayi ko bunnu (gahawa), ka durƙusa ka gaishe shi. Kada ka ce ka zo ya koya maka udi. Ka ce, "Baba, na zo ne in riƙa riƙe maka kaya in za ka fita, in kuma zauna kusa in kuna gwajin waƙa." In ɗan boko ne mai nota, wato rubutun kiɗa, "Ustaz" za ka ce. Mai yiwuwa ya ce, "To ɗana, Allah ya kai mu Alhamis," ya ci gaba da shan jabanarsa bai ƙara kallonka ba. Ka zo Alhamis ɗin, ka riga kowa. Makonnin farko naɗe waya da ɗaukar lasifika za ka yi ta yi, kuma ba wulaƙanci ba ne, yana duba ko za ka jure.

In ka zauna kusa, idonka na kan hannunsa. Tambaya ɗaya a zama ɗaya ta isa, ita ma bayan an tashi. In ya gyara maka abu, kada ka kawo dalili, ka sake yi kawai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa manyanmu, wasu suna Bur Sudan da Kasala, wasu Alƙahira, wasu Jidda. Wannan bai rufe ƙofa ba. Ka ɗauki minti ɗaya na abin da kake aiki a kansa ka tura masa ta WhatsApp, ka roƙe shi ya faɗa maka aibi ɗaya tak. Ka riƙa tura masa ɗan abin shayi ta manhajar banki ta Bankak ba sai ya tambaya ba, domin da yawansu suna cikin matsi kuma ba za su faɗa ba. In ka kwashe abin da ke wurinsa kana son ka je wurin wani, ka sanar da shi ka nemi albarkarsa. Zumuncin ya ci gaba har ƙarshen rai.

Aikin kullum

A nan ake rabuwa. Minti arba'in da biyar kullum ya fi awa biyar ranar Juma'a, domin hannu da maƙogwaro da maimaici suke riƙe abu. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar nan shi ne bayan Asuba, kafin rana ta buɗe, kafin a fara aike da kiraye-kiraye. In kana sansanin gudun hijira ko gidan da ya cika da baƙi, ka nemi gindin bishiya ko bayan rakuba, ka sa tsumma a ƙarƙashin tsarkiyoyi don sauti ya ragu.

Minti goma na farko na ɗumama jiki ne. Mawaƙi ya fara da guɗa murya baki a rufe, a hankali, daga tsakiyar muryarsa ya hau kaɗan ya sauko kaɗan. Mai udi ya fara da duzan, ya daidaita tsarkiyoyi da manhajar waya wadda ke ajiye sautin la a kan 440, sannan ya kashe wayar ya gwada ko kunnensa zai iya shi kaɗai. Sai risha, wato abin kaɗa tsarkiya: ƙasa, sama, ƙasa, sama a kan tsarkiya ɗaya, har bugun sama ya yi ƙarfi daidai da na ƙasa. Yawancin masu koyo bugun samansu rarrauna ne, shi ke sa kiɗan ya riƙa ɗingishi. Daga nan ka hau tsanin nan mai sauti biyar, do, re, mi, sol, la, ka sake hawansa kana farawa daga re, sannan daga mi, har ka zagaye biyar ɗin. Kowane mafari da irin launinsa, wani na murna, wani na kewa.

Minti goma sha biyar na gaba su ne zuciyar aikin, kuma su ne mutane ke gudu. Buɗe littafinka ka ɗauko wurin da ka rubuta cewa kana tuntuɓe. Ba waƙar duka ba, gaɓar nan kaɗai. Sauke manhajar metronom, mai buga ƙwas-ƙwas a kan lokaci, ka sa ta a 60. Yi gaɓar a hankali har ka yi ta sau uku a jere ba kuskure, sannan ka ƙara 4. Ka yi kuskure, ka koma baya da 4. Zai gundure ka, za ka ji kamar kana ɓata lokaci, amma duk wanda ya maimaita kuskure da sauri kuskuren yake haddacewa.

Mai kalangu yana da nasa aikin. Faɗi gajeriyar magana da bakinka, kamar "sannu da zuwa," ka ji inda murya ta hau da inda ta sauka. Sai ka matse tsarkiya a hammata inda ta hau, ka saki inda ta sauka, ka buga da makaɗi. Kira wani yaro da bai ji abin da ka faɗa ba, ka buga masa. In ya gane maganar, hannunka ya fara magana. Ke mai dalluka, bayan kin gasa fatar a kan garwashi ta ɗaure, ki raba bugun tsakiya mai zurfi da na gefe mai kaifi har kowanne ya fita sarai, sannan ki yi kiɗan tumtum da na sira da metronom. Mardum kuwa a kan shida ake ƙirga shi, bugu biyu manya kowanne ya rabu uku, kuma sai ka iya tafa shi kana tafiya kafin ka ce ka iya.

Masu ogan, ku ne na fi jin tsoro a kanku. Na'urar tana buga ganga da kanta, tana kuma da maɓallin da ke ɗaga ɗabaƙa, wato matakin sautin waƙa, ko sauke ta, don haka mutum zai shekara goma yana kiɗa a wuri ɗaya, yatsunsa ba su san sauran maɓallai ba. A wurin biki ka yi abin da zai fitar da kai. A ɗaki kuwa ka kashe gangar, ka bar maɓallin nan a sifili, ka ɗauki waƙa ɗaya ka buga ta daga do, gobe daga re, jibi daga fa. Haka mawaƙi da na'urar gyaran murya ta situdiyo: ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar hafla, wato taron kiɗa, muryarka ta ainihi za a ji.

Sauran lokacin ka raba shi biyu: rabi ga sabon abu, rabi ka yi wasa yadda ranka ke so, wayarka na ɗauka. Sababbin karuruwa a nan suke faɗowa.

Ɗora Hausa a kan karin Sudan

Matasanmu da yawa suna ɗaukar karin waƙar Larabci su zuba masa kalmomin Hausa, sai ka ji abin bai zauna ba, tsofaffi su ce ba su gane me ake faɗa ba. Dalili biyu ne. Na farko, Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere: garin da ake zama a cikinsa gaɓarsa ta farko gajeriya ce, garin tuwo kuwa doguwa. In kari ya ja inda ya kamata ya gajarta, ka canza magana. Na biyu, Hausa tana da hawa da saukar murya, abin da Larabci ba ya dogara da shi: kukan yaro murya a sama take ƙarewa, kukar miya kuwa sauka take yi. In karin da ka aro yana hawa a inda kalmar ke sauka, kunnen Bahaushe zai yi tuntuɓe.

Ga yadda ake yi. Rubuta baitin tukuna. Karanta shi da ƙarfi kamar kana yi wa wani magana, ka ɗan ƙara gishiri a hawa da saukar, ka ɗauka a waya. A ƙarƙashin kowace gaɓa ka sa alama, ɗigo ga mai sauƙi, ja ga mai nauyi, wato mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe. Da wannan awon marubuta waƙoƙin Hausa suke auna baitocinsu, kamar yadda ake yi a arulin Larabci. Yanzu ka saurari karatun naka sau da yawa, za ka ji rabin karin yana cikin maganar tun asali. Ka bi shi, ka miƙa shi a kan tsanin sauti biyar, ka ba gaɓa mai nauyi dogon sauti. In dole sai ka yi amfani da karin da ya riga ya wanzu, to kalma ce za ta sauya, ka nemo wadda ta dace da shi. Kafin ka fitar da waƙar, rera wa wata tsohuwa a gidanku ka ce, "Inna, me na ce?" In ta maimaita daidai, ka wuce.

A nan ne za ka gane ko Hausarka ta isa. Da yawanmu da aka haifa a Hartum ko Madani Hausar cefane da gaisuwa muke da ita, ita kuwa waƙa tana son karin magana, kirari, habaici, sunayen itatuwa da na taurari. Ka ware shafuka a littafinka, duk kalmar da ka ji a bakin tsoho ba ka san ta ba ka rubuta ka tambaya.

Ka kwashi abin da ke bakin tsofaffi

Wannan mataki ba ya jira. A garin Mai Wurno da ƙauyukan Shuɗin Nilu da unguwanninmu na Gadarif da Kasala akwai tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin daka da niƙa da reno da na noma da taken sana'o'i, waɗanda ba a taɓa ɗauka ba, wasu ma a ƙasar Hausa an manta da su. Yaƙi ya nuna mana babu ma'ajiyar da ke da tabbas, tunda ginin Rediyon Umdurman kansa ya zama filin daga har zuwa Maris na 2024.

Kada ka tunkari tsohuwa da waya a hannu ka ce ta yi maka waƙa, kunya za ta hana ta. Zauna kusa da ita tana tsince riɗi ko tana gyaran kuɓewa, ka ɗauko rabin wata waƙa ka rera ta a karkace. Ba za ta iya haƙuri ba, za ta ce, "Kai, ba haka ake yi ba," ta gyara maka, daga nan sai ta zarce. Sannan ka nemi izininta ka ɗauka. A farkon ɗaukar ka faɗi sunanta da garin da kwanan wata, ka tambaye ta a wurin wa ta ji, a wane lokaci ake rerawa. Ka ajiye kwafi a memori, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. In ka gina sabuwar waƙa a kan tata, ka ambace ta, ka kai mata rabonta.

Karatun nota

Wasu na cewa nota na kashe baiwa. Ban yarda ba. Abdulƙadir Salim malamin makaranta ne daga Dilinj, ya shiga Cibiyar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo da aka kafa a 1969, wadda daga baya ta zama kwaleji a Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, kuma karatun bai raba shi da kiɗan Kurdufan ba, kayan aiki ya ba shi. Ba sai ka je jami'a ba. Ka sami wanda ya gama can ya koya maka sunayen sautuka, tsawonsu, da yadda ake raba awo. Minti goma a rana na 'yan watanni ya isa ka rubuta karin da ya faɗo maka, ka kuma zauna da masu kamanja (gogen Turawa) ku fahimci juna.

Jiki da kaya

Murya tsoka ce, tana gajiya. Ka sha ruwa tun safe, ba sai ka hau dandali ba. Ranar habub, wato guguwar ƙura, ka rufe hanci da baki. Sigari da shisha da sa'ut (tabar da ake sawa a baki) ka bar su. Kada ka cika ciki da dare ka kwanta nan take, domin abin da ke tasowa daga ciki yana ƙona maƙogwaro. In murya ta dushe, ka yi shiru, raɗa ma wahalar da ita take yi. Dushewar da ta wuce mako uku kuwa ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ba ta citta da zuma ba.

Kunne ne abin da muka fi sakaci da shi. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙara mai ƙarfin desibel 85 awa takwas ce iyakarta a rana, in ta kai 100 kuwa minti goma sha biyar ne, kuma lasifikan bikinmu suna kaiwa can. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Kada ka tsaya a gaban lasifika, ka nemi abin toshe kunne, in ka dawo gida kunne na ƙugi ka sani ka yi ɓarna a daren.

Udi ba ya son rana. Kada ka bar shi a cikin mota ko jikin bangon kwano, fuskarsa tsagewa take yi. In za ka yi doguwar tafiya ka ɗan sassauta tsarkiyoyi. Ganga kuma a rataye, nesa da danshin damina.

Kuɗi da masu faɗa maka gaskiya

Daga kowane adadi ka cire kashi ɗaya cikin goma na koyo: tsarkiya, data, abin shayin malami. Ka riƙe wata sana'a a gefe, domin wanda yunwa ke kora ba ya iya cewa a'a ga kowace irin waƙa. Ka raba wa yaranka kuɗi a fili kafin a watse. Kuma ka riƙe kyakkyawar al'adar nan ta ƙasar, ta faɗin wanda ya rubuta kalmomi da wanda ya yi kari kafin a fara waƙa.

A da, mawaƙi ba ya shiga Rediyon Umdurman sai kwamiti ya saurari muryarsa ya amince. Yanzu kowa da Facebook da TikTok ɗinsa, babu mai tsayar da kowa. To ka kafa naka kwamitin na mutum uku: makaɗin da ya fi ka, wanda ya san harshe, da wani mai saurare da ba ya jin nauyinka. Kada sabuwar waƙa ta fita sai ta bi ta hannunsu. In biyu suka nuna wuri ɗaya, ka gyara ko da kana son wurin.

Kowace shekara kuma ka ɗauki abu guda da ba ka iya ba. Mai ogan ya kama udi, mawaƙin biki ya je ya zauna da masu madihu ya koyi bugun ɗar, wato bandirinsu, da jan numfashinsu, mai waƙar Larabci ya yi shekarar a kan Hausa.

In shekaru sun ja

Murya za ta sauka, numfashi zai gajarta. Kada ka yi gardama da su. Sauke ɗabaƙar waƙoƙinka da sauti ɗaya ko biyu, ka sake raba wuraren numfashi, ka bar wa 'yan amshi dogayen wurare. Ka rage yawan bukukuwa, ka ƙara lokacin ƙirƙira. Ɗumama jiki da ke ɗaukar minti goma a da, yanzu ka ba shi ashirin.

Sannan ka ɗauki yara, ko biyu ne. Koyarwa za ta tilasta maka ka gane abin da hannunka ya daɗe yana yi ba ka san yadda yake yi ba, su kuma za su nuna maka abin da ke cikin na'urorin zamani. Kada ka riƙe su a naɗe waya fiye da kima, kuma kada ka ɓoye musu komai. In ɗaya ya nuna alama, ka ba shi waƙa biyu a farkon hafla kafin wuri ya cika, kai ka koma baya ka yi masa amshi. Ka sa wani ya ɗauka a waya, ka biya shi kuɗin jagora na waƙoƙin nan biyu. Washegari da la'asar ku zauna ku saurara tare, ka bar shi ya fara faɗin abin da ya ji kafin ka sa baki, sannan ka sa ya sayi nasa littafin ya rubuta da kwanan wata.